Inda Sabis Yake Mutuwa

Rana ta yi ja, ta kusa faɗuwa, lokacin da Mai Tsani ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidan yayarsa. Haka kowa yake kiransa, domin ba a ganinsa a hanya sai da tsani ɗaure a bayan babur, yana lilo kamar jelar ƙadangare. Sana'arsa haɗa wa mutane intanet a gidaje da shaguna. Inda ya yi rauni ya ƙarfafa shi, inda yake yankewa ya nemo dalili. Ko cikin damina abin ya faru ko bayanta kaɗan, wannan ya kuɓuce mini. Na dai riƙe cewa ƙasa tana da danshi, iska kuma ba ta motsi.

Yaya ce ta buɗe masa, da ludayi a hannu.

"Sannu da zuwa, injiniyan mutanen gari. Yau an tuna da talakawa ke nan?"

"Haba Yaya. Tun safe nake kan rufin mutane."

"To ai mu ma muna da rufi. Shigo ka ga uwarka."

Gidan tsoho ne, bango mai kauri, sun tare cikinsa ba da daɗewa ba. Daga falo akwai dogon lungu mai koren fenti da ya fara ɓarewa, a ƙarshensa ɗakin Inna yake. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, Inna ba ta da wata sha'awa a duniya sai guda ɗaya: fuskar Auta. Auta tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, kuma lokacin tashinta daga aiki ya yi daidai da magaribar nan. Sai ta kira ta bidiyo, Yaya ta ajiye kwamfuta a kan ɗan teburin gefen gado, Auta ta ce, "Inna, buɗe baki," Inna ta buɗe, Yaya ta saka cokali. In ba haka ba, Inna ba ta cin komai.

A gidan da suka baro abin yana tafiya lafiya. A nan kuwa, da zarar fuskar Auta ta bayyana sai ta daskare, baki a buɗe, ido a rufe, sannan ta ɓace. Kwanaki ke nan ana haka. Inna ta juya fuska bango. Likita ya zo, ya taɓa hannunta, ya ce in aka ci gaba a haka ba a gida za ta ƙarasa mako ba.

Mai Tsani ya durƙusa a gefen gadon. Ɗakin yana ƙamshin man zafi da sabulun wanki. Hannun da ya riƙe ya yi sauƙi kamar busasshen kara.

"Inna, ina wuni? Yau za ki ga 'yarki. In ban gyara ba a ƙwace tsanin."

Inna ta dube shi da ido ɗayan da yake buɗewa sosai. Maganarta a hankali take fita, kalma tana jiran kalma.

"Kullum… alkawari."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta sauka cikinsa ba.

Ya fara da abin da yake farawa da shi a kowane gida. Rauta, wato ɗan akwatin nan mai ƙahoni da yake raba intanet a cikin gida, ya same ta a ƙasa bayan talabijin, an ɗora mata ƙyallen goge ƙura.

"Yaya! Wa ya binne ta nan?"

"Fitilunta ne suke damuna, ƙifta-ƙifta kamar idon mayya."

"Ita ma numfashi take so. Kin sa ta a ƙasa, bayan ƙarfe, kusa da firij, ga madubi a gabanta. Ko ni aka yi wa haka sai in daina magana."

"Da an huta."

Ya ciro ta, ya kaɗe ta, ya kai ta bakin lungu inda soket ɗaya tilo yake. Ya shigo da tsani, ya kafa mata ƙusa a sama, ya miƙe ƙahonin, ya kashe ta ya jira kaɗan ya kunna. Ya shiga cikinta ta wayarsa, ya kori wayoyin maƙwabta da suka maƙale mata kamar kaska, ya sauya mata hanya zuwa wadda ba cunkoso. A falo sabis ya cika taf. Ya gwada wani bidiyo, ya tafi kamar ruwa a gangare.

Saura abu ɗaya da yake yi kafin ya bar kowane gida. Yakan riƙe wayarsa a tafin hannu, ya bi gidan taki-taki, idonsa kan sandunan sabis, don ya ga inda suke raguwa. Ya san masu cin sabis kamar yadda manomi ya san masu cin gonarsa: bango mai kauri, ƙarfe, madubi, tankin ruwa. Har jikin mutum, tun da shi ma ruwa ne. Ɗaki in ya cika da jama'a sai sanduna su sauka.

Ya shiga lungun.

Sanduna a cike. Ya ƙara taki. A cike. Ya wuce tsakiya, ɗaya ta sauka, wannan ba komai ba ne.

Daf da ƙofar Inna, duka suka mutu.

Ba raguwa suka yi ba. Mutuwa suka yi, lokaci ɗaya, kamar an hure fitila.

Ya matsa da hannu dama kaɗan, suka dawo. Ya matsa hagu, suka dawo. A tsakiya kawai, wuri mai faɗin kafaɗun mutum, babu komai. Ya ɗaga wayar sama da kansa. Babu. Ya jawo tsani ya hau, yana ɗagawa, yana ɗagawa. Sai da hannunsa ya kusa taɓa silin sannan sanda ɗaya ta leƙo.

Wurin da sanyi-sanyi. Akwai wani wari kuma, ba mai ƙarfi ba, irin na toka da ruwa ya jiƙa.

"Bututun ruwa ne a ƙasa," ya faɗa wa kansa. Ya sauko.

Ni na zauna a irin waɗannan tsofaffin gidaje. Akwai lungun da za ka wuce kullum kana ɗan kauce wa gefe, ba ka san dalili ba, sai wata rana baƙo ya tambaye ka. Amma bari in koma kan Mai Tsani, kada in ɓace.

Ya leƙa ɗakin. "Yaya, abu mai sauƙi ne. In an kira, ku bar ƙofar nan a buɗe, ku jawo teburin ta nan gefe. Katakon da kauri, shi ma yana ci."

"Faɗa wa mai ɗakin," in ji Yaya.

Inna ta riga ta ji. Ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"A'a."

"Inna, na ɗan lokaci ne kawai."

"Ƙofata… ba ta kwana buɗe… da magariba."

Wannan tsohuwar doka ce, tun suna yara. Kafin rana ta faɗi a shigo da kowa, a rufe taga, a rufe ƙofa, a yi bismillah. Takan ce abin da yake yawo a wannan lokaci ba ya buɗe ƙofar da aka rufe da sunan Allah. Ciwo ya ɗauke mata rabin jiki, ya ɗauke mata sunayen jikoki, amma bai taɓa wannan ba.

Yaya ta rage murya. "Tun da muka zo gidan nan ta ƙara tsananta. Wai akwai mai tsayuwa."

"Mai tsayuwa a ina?"

Yaya ta ɗaga kafaɗa, ta dubi ƙofar, ta kau da kai.

Mai Tsani ya duba taga. Hasken ya koma ruwan ƙasa. Auta ta kusa kira. A sana'arsu akwai magana ɗaya da kowa ya yarda da ita: in iska ta ƙi, a ja kebul. Kebul ba ruwansa da bango, ba ruwansa da ƙofa. Huji ɗaya a jikin bango, a zura shi daga rauta har cikin kwamfuta, magana ta ƙare.

"Shi ke nan, Inna, ki rufe ƙofarki. Zan bi ta bango."

Inna ta yi wani sauti a maƙogwaro. Bai tsaya saurara ba.

Ya fita ya ɗauko injin huda bango a akwatin babur. Da ya dawo lungun, ya duba wayarsa don sabo. A bakin ƙofa sanduna a cike suke.

Ya tsaya.

Ya miƙa hannu gefen tsani, inda ya yi alama da fensir, inda zai huda. Suka mutu.

Bututun ruwa ba ya tafiya.

Wannan tunanin ya zo masa sarai. Ya ture shi gefe, kamar yadda ake ture kyanwa daga kan kujera. Ya tuna hannun Inna, da nauyinsa da babu. Ya zare filogin rauta daga soket, tun da soket ɗin ɗaya ne, ya saka na injin. Fitilun rauta suka mutu.

Bai yi bismillah ba. Huji nawa ya yi a rayuwarsa? Wa yake bismillah don huji?

Injin ya yi kuka. Ƙura ta zubo ja, sannan fara, sannan baƙa. Bangon ya yi tauri, ya yi tauri, sai kuma ya saki gaba ɗaya, har ya kusa faɗawa jikin bangon. Wata iska ta bi gefen kuncinsa ta shige hujin. Ya ji ta. Kamar mutum ya ja numfashi ta hanci.

Ya zura kebul ɗin, shuɗi, ya tura isasshe ciki. Sauran ya bar shi a ƙasa a lungun. Farin simintin da yake toshe gefen huji da shi yana cikin jaka, zai yi wannan daga baya. Daga nesa aka fara kiran salla.

"Shigo ko ka fita," in ji Yaya, hannunta a kan ƙofa. "Lokaci ya yi."

Ya shigo, don ya haɗa kan kebul ɗin na ciki. Yaya ta yi bismillah ta rufe, ta murza mukulli. Ya zauna a ƙasa, ya fere kebul, ya jera siraran wayoyin cikinsa, ya matse musu kai da filaya. Ya cusa shi a jikin kwamfuta don ya ji ko ya zauna. Ya ji ɗan ƙas.

Nan take kwamfuta ta fara ƙara. Kira.

"Allahu akbar!" Yaya ta tafa. "Injiniya! Ashe ba a banza ake ɗaukar tsanin ba!"

Ta danna. Fuskar Auta ta cika gilashin kwamfutar.

Bai taɓa ganin hoto irin wannan ba. Kowane gashin girarta ana gani. Babu daskarewa. Babu ɗan jinkirin nan da baki yake riga murya. Wani daɗi ya cika masa ƙirji, irin na mai sana'a da aikinsa ya yi kyau a gaban 'yan uwa. Ya jingina da bango yana murmushi.

Inna ta juyo da fuskarta daga bango. Rabin bakinta mai motsi ya yi rawa.

"Auta… ta."

"Inna," in ji fuskar.

Ba ta yi sallama ba. Auta kuwa da sallama take farawa, da ƙarfi, sannan ta tsokani kowa. Ba a jin motoci a bayanta, ba a jin iskar tashar da take tsayawa kullum. Shiru kawai.

"Inna, na dawo."

"Kin dawo ina?" in ji Yaya tana dariya. "Ke dai ba ki rabo da shirme. Ce mata ta buɗe baki, romon yana hucewa."

"Na dawo gida. Ga ni a bakin ƙofa."

Yaya ta matso da fuskarta. Mai Tsani ma ya matso.

Bangon da yake bayan Auta kore ne. Fentin ya fara ɓarewa. Ta gefen kafaɗarta ana ganin ƙafar tsani, da jan ƙyallen da ya ɗaura wa matakin da yake motsi.

Tsaninsa ne.

Yaya ta yi ƙara, ta dafe ƙirji. "Ja'ira! Shi ne ba ki faɗa ba? Inna, 'yarki ta zo! Tana lungu!" Ta zabura ta nufi ƙofa.

A lokacin ne ya tuna.

Rauta a kashe take. Filoginta yana lilo a jikin bango. Ɗaya kan kebul ɗin yana ƙasa a lungu, ba a haɗa shi da komai ba.

Ya riga ta isa ƙofar. Ya sa bayansa a jiki.

"Matsa mana!"

"Yaya." Muryarsa ta koma raɗa. "Kin ji an buɗe ƙofar gida?"

"Me?"

"Kin ji takun mutum? Kin ji jan akwati?"

"Kai, matsa, yarinya ta sha hanya…"

"Ban haɗa ba, Yaya. Ban haɗa komai ba."

Ta dube shi. Ba ta san kebul ba, ba ta san rauta ba, amma ta san fuskar ƙanenta tun yana goye a bayanta. Hannunta ya sauka daga kan mukulli.

Suka dubi ƙasan ƙofar tare. Fitilar lungu tana kunne, haskenta yana shigowa ta ƙasa, siriri, daga gefe zuwa gefe. Babu inuwar ƙafa.

"Yaya," in ji kwamfuta, a hankali. "Buɗe mini."

Kiran sallar ya ƙare. Ko kuwa an daina jinsa ne.

"Na gaji. Sanyi nake ji. Inna, ki ce su buɗe."

Inna tana ƙoƙarin tashi. Hannunta mai lafiya yana jan zanin gado. Hawaye yana bin ɓarin fuskarta da ba ya motsi.

"Buɗe," ta ce.

"Inna, ba ita ba ce."

"Buɗe… wa… 'yata."

Matar da ta yi shekara da shekaru tana rufe ƙofa da magariba. Ita ce take roƙo. Bai taɓa ƙin umarninta ido da ido ba. Ya ƙara danne ƙofar da bayansa.

"Ki yafe mini, Inna."

"Ɗan nan… Allah ya…"

Ba ta ƙarasa ba. Bai san ko albarka ce ko akasinta ba.

Fuskar da take gilashi ba ta ƙifta ido. Sai yanzu ya lura. Tun da ta bayyana ba ta ƙifta ba.

Ta daina kallon Inna.

Ta juyo da idanun a hankali, har suka tsaya a kansa.

Ta yi murmushi.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin.

Sai wani ɗan sauti. Sur. Sur.

Ƙura ce take zubowa daga hujin.

Kebul ɗin da yake kwance a ƙasa ya motsa. Ya miƙe. Ya ɗaure tamau kamar igiyar guga. Kwamfuta ta fara ja a kan tebur, tana nufar bango, kwanon romo ya kife.

Ba ja kawai ake yi ba. Wani abu yana biyo shi. Shuɗin kebul ɗin yana komawa baƙi, daga bakin hujin, kaɗan-kaɗan, yana tahowa wajen gado.

"Riƙe ƙofa!" ya ce wa Yaya.

Ya faɗa ƙasa. Ya lalubi filaya. Ta kuɓuce. Ya sake kamawa.

Baƙin ya wuce rabi.

Ya datse.

Gilashin ya yi duhu. Guntun kebul ɗin ya shige hujin da gudu, kamar jelar ɓera.

Hujin ya rage a buɗe.

Ƙarami ne, yatsa ba zai shiga ba sai da ƙyar. Ya kamata a ga hasken lungu ta cikinsa.

Ba a gani.

Wani abu ya toshe shi daga waje. Yana numfashi.

Mai Tsani ya kifa tafin hannunsa na hagu a kai.

"Bismillah," ya ce. Yanzu ya ce.

Sanyi ya soke shi har gwiwar hannu. Wani abu ya taɓa tsakiyar tafin. A hankali. Kamar yatsa. Yana zagayawa, yana nema.

Abin ya turo.

Shi ma ya tura.

Yaya tana karatu da ƙarfi, muryarta tana karyewa, tana komawa farko. A kan gado Inna ta daina roƙo. Sannan ita ma ta kama, kalma tana jiran kalma.

Ta cikin bangon, daf da kunnensa, aka yi magana. Ba muryar Auta ba ce kuma. Ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba.

"Kai ka huda."

Ya ƙara danna tafinsa a kan hujin.

"Ita ta rufe. Kai ka huda."

"Yaya," ya ce, haƙoransa suna haɗuwa. "Sabulu."

Ta miƙo masa sabulun wankan Inna daga cikin kwano, jiƙaƙƙe. Ya gutsuro da haƙori. Ya zame hannunsa, ya cusa, ya danna da babban yatsa, ya ƙara, ya ƙara, yana bismillah a kan kowane gutsure, har hujin ya cika ya yi tudu.

Aka shafi bangon daga waje. Dogon shafa, daga sama har ƙasa.

Shiru.

Sun daɗe a haka, ba wanda ya motsa. Abin da ya fara dawowa shi ne kukan wani jariri a maƙwabta. Sannan babur ya wuce. Sannan hasken lungu ya ɗan ƙara haske a ƙasan ƙofa, kamar an kawar da wani abu daga gaban fitila.

Da ya buɗe, lungun ba kowa. Filogin rauta yana lilo. Injin yana ƙasa inda ya bar shi. Sauran kebul ɗin kuwa an naɗe shi tsaf, an rataye a saman tsani, da irin ƙullin da shi kaɗai yake yi.

Bai taɓa shi ba. Da sanda Yaya ta ɗauke shi washegari.

Ya mayar da filogin. Fitilu suka kama ƙiftawa. Ba a jima ba kwamfuta ta yi ƙara, dukansu suka zabura. Yaya ta dube shi. Ya duba wayarsa, ya duba rauta, ya gyaɗa kai.

"Salamu alaikum, mutanen ƙauye!" Auta ce. Hoton ya daskare, ya dawo, ya rabe gida-gida. Ana jin motoci, ana jin iska. "Tun ɗazu nake kira! Yaya Mai Tsani, kai ne a nan? Shi ya sa! Wanzami ba ya son jar…" Ta daskare, baki a karkace.

Bai taɓa jin daɗin mummunan hoto irin na ranar ba.

Inna ta daɗe tana kallo. "Ƙifta… ido," ta ce.

"Me? Inna, me kika ce?" Auta ta ƙifta, ta ƙifta, tana dariya. Sannan ta sake daskarewa.

Mai Tsani ya fita ya ɗauko simintin a jaka. Yana kaiwa tsakiyar lungu ya ji Yaya ta ce, "Yauwa, ya washe!" Ya dawo bakin ƙofa. Hoton ya tsaya cik. Ya ja da baya. Ya washe.

Ya ɗaga wayarsa a tafin hannu. Sanduna a cike. Ya kai ta gabansa, a cike. Ya kai ta dama, a cike.

Ya kai ta bayan kafaɗarsa ta hagu.

Ya daɗe bai juyo da ita ba.

Daga cikin ɗaki ya ji Auta tana cewa, "Inna, buɗe baki." Ya ji ƙarar cokali a jikin kwanon da Yaya ta sake cikawa.

Inna ta ci abinci a ranar, ta ci washegari. An ce har ta yi ƙiba, ta koma zama a kujera. Intanet ɗin gidan bai sake yankewa ba, ko ƙofa a rufe. Maƙwabta har tambaya suke wa ya haɗa musu.

Mai Tsani yana nan yana sana'arsa. Ba ya huda bango in rana ta karkata, kuma ba ya barin huji ya kai minti a buɗe. Tafin hannunsa na hagu akwai wani farin tabo a tsakiya, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Masu gidaje sukan yi masa wasa, su ce aikinsa ba ya nuna kyau sai ya tafi. Yakan yi dariya tare da su.

Wani abu kuma da aka faɗa mini game da shi, na so in kawo a nan, ya tafi. Ba komai. Wanda ya rage ya isa.

Kullum yana zuwa gidan Yaya, amma da hantsi, ya gaida Inna daga bakin ƙofa. Ta sha cewa ya shigo ya zauna kusa da ita. Yakan ce takalminsa da datti. In kuwa magariba ta same shi a unguwar, a waje yake tsayawa, can tsallaken titi, kusa da babur. Daga nan yana hango tagar ɗakin a rufe, da ɗan hasken kwamfuta ta jikin labule. Yakan tsaya har hasken ya mutu.

Ba ya waiwaye.